Lissafin da Yaron da Ya Ƙwace Waya Yake Yi: Laccar da Aka Yi a Gombe

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena malamai da ke gaba, masu unguwanni, 'yan uwa ɗalibai, barkanmu da yamma. Na gaba ku ɗan matso don Allah, na baya su samu wuri.

Toh, bari in fara da tambaya. Yaron nan da ya tare mace a lungu bayan isha'i ya zaro gariyo ya karɓe mata waya, a daidai wannan minti ɗayan, me ke cikin kansa? Na san amsar da za a ba ni, za a ce ai ba shi da tsoron Allah, ko a ce ƙwaya ce. Duka biyun akwai gaskiya a ciki. Amma ni abin da nake so mu duba yau shi ne lissafinsa, domin duk dokar da aka rubuta a ƙasar nan an gina ta ne a kan zaton cewa yaron nan yana lissafi, kuma an san irin lissafin da yake yi.

Wannan zaton yana da asali. Akwai wani masanin tattalin arziki a Amurka, Gary Becker, shi da bakinsa ya ba da labarin cewa wata rana ya makara zuwa yi wa ɗalibi jarrabawa a jami'ar Kolumbiya, sai ya tsaya yana auna ko ya kai motarsa wurin fakin na kuɗi da ke nesa, ko ya ajiye ta a bakin titi inda aka hana. Ya duba kuɗin tara, ya duba yiwuwar a kama shi, ya ajiye a titi, kuma ba a kama shi ba. Daga nan ya rubuta takardarsa ta 1968, cewa mai laifi kamar ɗan kasuwa ne, yana ɗora riba a hannu ɗaya, hukunci da yiwuwar kamu a ɗaya hannun. In haka ne, magani mai sauƙi ne, ka ƙara nauyin hukunci kawai kowa ya shiga taitayinsa.

Mu fa a Najeriya mun gwada wannan har ƙarshensa. Dattawan da ke nan sun tuna, a 1970 gwamnatin soja ta yi dokar kisa ga 'yan fashi da makami, aka riƙa ɗaure su a jikin durom a bakin teku a Legas ana harbewa a bainar jama'a, Oyenusi a 1971, daga baya Anini a 1987 a Binin. Wane hukunci ne ya wuce harbi a gaban mutane? To fashin ya ƙare? Ku da kanku kun san amsa.

A nan ne wani reshe na ilimi ya shigo, wanda ake ce wa tattalin arziki na ɗabi'a, wato nazarin yadda ɗan Adam yake yanke shawara a zahiri, da gaggawarsa da mantuwarsa da zafin zuciyarsa. Daniel Kahneman da Amos Tversky su ne suka buɗe hanyar da takardarsu ta 1979, Kahneman ya samu kyautar Nobel a 2002, Richard Thaler ya samu a 2017. Abin da suka nuna shi ne mutum yana lissafi kam, amma sikelinsa a karkace yake, kuma karkatar tana da tsari, ana iya sanin ta ina za ta karkata.

Babbar karkatar da ta shafe mu ita ce ta yau da gobe. Abin da ke gaban mutum yanzu ya fi masa nauyi nesa ba kusa ba a kan abin da zai zo bayan shekaru. Wayar nan tana hannunsa yanzu, kafin sha biyun dare ya sayar, ya sha shayi da ƙwai, ya sayi abin da zai sha, ya ba abokai. Shekara bakwai ko sha huɗu a gidan yari kuwa wani labari ne can nesa, a kunnensa duka ɗaya ne, bai ma san sashen dokar ba balle adadin shekarun. Wasu masana biyu, David Lee da Justin McCrary, sun duba wannan a jihar Fulorida, inda yaro yana cika shekara 18 hukuncinsa ke komawa na manya, ya yi tsanani lokaci ɗaya. In Becker ya yi daidai gaba ɗaya, ya kamata a ga laifi ya faɗi warwas a satin da suka cika 18. Da aka duba, raguwar kaɗan ce ƙwarai.

To me yaron yake dubawa? Yana duba ko akwai mai ganinsa. Ko lungun da duhu. Ko in an kama shi akwai oga da zai buga waya caji ofis a sako shi kafin gari ya waye. Wannan na ƙarshen wallahi shi ne ciwon Gombe, ba sai na ɓoye ba, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta rubuta a kan 'yan Kalare da alaƙarsu da 'yan siyasa tun 2007, 'yan uwanmu na Bauchi su ma sun sha fama da Sara-Suka. Yaron da ya ga abokinsa ya sari mutum, bayan kwana uku ya dawo majalisa ana tafa masa, kai kuma kana can kana ƙara shekaru a takarda, ai shuka dusa kake yi. Ƙwaƙwalwar mutum da abin da ta gani kwanan nan take auna haɗari, abokin da aka sako ɗin nan shi ne kundin dokarsa.

Kuma akwai hujja a kan cewa ganin mai tsaro yana aiki. A 1994 an kai harin bam a wata cibiyar Yahudawa a Buenos Aires ta Ajantina, sai gwamnati ta ajiye 'yan sanda a ƙofar duk irin waɗannan cibiyoyi. Masana suka bi bayanan, suka ga satar mota a waɗannan layukan ta ragu da kusan kashi 75 cikin ɗari. Ba a taɓa doka ba, ba a ƙara ko kwana ɗaya a hukunci ba, mutum aka tsayar a wurin. Wani Ba'italiye, Beccaria, tun 1764 ya faɗi cewa tabbacin hukunci ya fi tsananinsa tsoratarwa. Saboda haka fitilar sola a lungun Bolari ko Jekadafari, da 'yan sintiri da aka san lokacin fitowarsu, da mai gyaran waya da zai ce ba ya cire makulli sai da rasit, ni a wurina sun fi kudurin ƙara shekaru amfani.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi taɓa min zuciya. Da yawa daga cikin saran da ake yi ba ma don kuɗi ba ne. An taka wani a wurin biki, an kalle shi, an zagi unguwarsu, cikin daƙiƙa biyar an zaro wuƙa. Babu lissafi ko kaɗan, jiki ne ya riga hankali. A Cikago akwai wani shiri na samari 'yan makaranta da ake koya musu tsayawa kafin su aikata. Ɗaya daga cikin darussan, ana ba yaro ƙwallo ya dunƙule a hannu, a ce wa ɗan uwansa kana da daƙiƙa 30 ka karɓo. Kusan kowa kokawa yake farawa. In an gama sai malamin ya ce, me ya hana ka ce ya ba ka? Sai a tambayi mai ƙwallon, ya ce ai da ya roƙa da na ba shi. Binciken da aka buga a 2017 ya nuna kama yaran da laifin tashin hankali ya ragu da kusan rabi a lokacin da suke cikin shirin.

Wani zai ce ai can Amurka ne. To ga Laberiya, nan Afirka ta Yamma. A Monrobiya an ɗauki samari 999, cikinsu tsoffin mayaƙa da 'yan sane da masu sayar da ƙwaya, wasu aka ba su horon sati takwas na sarrafa fushi da tsara rayuwa, wasu dala 200, wasu duka biyun. Waɗanda aka ba kuɗi kawai, bayan shekara abin ya bi ruwa. Waɗanda suka samu horon da kuɗin tare, bayan shekara goma aka koma aka tarar sata da fashinsu ya ragu da kusan rabi. Sati takwas fa jama'a!

Malamai, wannan filinku ne. Wanda ya zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, neman wasiyya, ce masa aka yi kada ka yi fushi, aka maimaita. Kuma an koyar da cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Daƙiƙa biyar ɗin nan ake so a tsawaita. Muna da ilimin, abin da muka rasa shi ne zama da yaran nan sati bayan sati ana gwadawa da su a aikace, domin wa'azin Juma'a su ba sa ma sahun da za su ji.

Akwai kuma wani ƙaramin abu. A birnin Niyok an lura mutane da yawa da aka ba sammacin ƙananan laifuka ba sa zuwa kotu, sai a ba da umarnin kamo su. Ana zaton taurin kai ne. Aka gyara takardar aka sa rana da wurin kotun a sama ɓaro-ɓaro, rashin zuwa ya ragu da kashi 13, aka tura saƙon tes na tuni, ya ƙara raguwa da kusan kashi 21. Ashe da yawa mantuwa ce. Mu nan da kusan biyu bisa uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali jiran shari'a suke yi, nawa ne kuɗin tes da Hausa?

Sai dai kada a fita a ce na ce tes zai gyara Gombe. A Hawai wani alƙali ya fara wani tsari a 2004 na ƙaramin hukunci nan take ga duk wanda ya karya sharaɗin sakinsa, ya yi kyau sosai a can, da aka kwafa a wasu jihohi bai ba da irin wannan sakamakon ba. Kuma yaron da bai ci komai ba tun safe, ba dabarar saƙo ce za ta cika masa ciki ba, Sayyidina Umar ma ya dakatar da yanke hannu a shekarar yunwa. Duk abin da za mu ɗauko, a gwada shi a unguwa biyu tukuna, a rubuta adadin ƙwacen waya kafin da bayan, a kwatanta da unguwar da ba a yi ba.

Baba mai unguwa da ke gefen nan tun ɗazu yake ɗaga hannu, a miƙa masa abin magana. Baba, a unguwarku in an kama yaro da daddare, kwana nawa yake yi kafin ka sake ganinsa a bakin titi?