Ƙungiyar Tsoffin Jiragen Ƙasa ta Birtaniya da Aikin Sake Ɗinke Zumunci

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina da sauran mahalarta, ina godiya da wannan dama da aka ba ni. Jawabina na yau ya shafi ƙungiyar da ta haɗa kan masu adana tsoffin jiragen ƙasa a Birtaniya, wadda ake kira Heritage Railway Association, da kuma yadda wahala ta koya mata cewa ƙaunar da 'ya'yanta ke yi wa jirgi ba za ta riƙe shi a kan dogo ba, matuƙar ba su kyautata hulɗa da masu tafiyar da harkar jiragen ƙasa ta yau ba.

Asalin abin ya faro ne a 1951, lokacin da wasu 'yan sa kai, ciki har da marubuci Tom Rolt, suka karɓi ragamar siririn layin Talyllyn da ke yankin Wales bayan rasuwar mai shi, suka ci gaba da ɗaukar fasinja da guminsu. Wannan shi ne karo na farko a duniya da 'yan sa kai suka ceto layin dogo. A 1960 aka buɗe layin Bluebell a kudancin Ingila. Daga nan rahoton da shugaban hukumar jiragen ƙasa Richard Beeching ya fitar a 1963 ya jawo rufe dubban tashoshi, sannan a watan Agustan 1968 hukumar jiragen ƙasa ta daina amfani da jirage masu tururi a manyan layukanta. Da yawa daga cikin kawunan jiragen da aka yasar sun ƙare a filin 'yan gwangwan na Dai Woodham da ke garin Barry, inda ma'aikata suka fi mayar da hankali ga yanka taragun kaya saboda sun fi sauƙin sarrafawa, lamarin da ya ba masu kishi sararin tara kuɗi har suka fanshi kawunan jirage guda 213.

A wancan zamani, da yawa daga cikin waɗannan mutane suna kallon hukumar jiragen ƙasa a matsayin wadda ta yi watsi da gadonsu, ita kuma tana yi musu kallon masu wasa da tsohon ƙarfe. Haɗewar ƙungiyoyinsu biyu a 1996 ita ce ta haifar da wannan ƙungiya, wadda ta ɗauki sunanta na yanzu a 1998, ta kuma ba su murya ɗaya. Alƙaluman da ƙungiyar ta bayar kafin annobar korona sun nuna baƙi kimanin miliyan 13 a shekara, da 'yan sa kai kimanin 22,000, da ma'aikata masu albashi kimanin 4,000. Harkar da ta kai wannan girma ta wuce a kira ta sha'awa, domin rayukan fasinjoji ne a hannunta, kuma hukumar sa ido ta Office of Rail and Road tana bincikar ta kamar yadda take bincikar manyan kamfanoni.

Amincin da ake ginawa shekara da shekaru yana iya rushewa a yini ɗaya. A watan Maris na 2015 wani jirgi mai tururi ɗauke da 'yan yawon buɗe ido ya wuce alamar tsayawa a mahaɗar Wootton Bassett, jim kaɗan bayan wucewar wani jirgin fasinja mai gudu. Allah ya kiyaye ba a yi karo ba, amma Network Rail, mai kula da layukan ƙasar, ta dakatar da kamfanin da ke tafiyar da jirgin. A ganina, duk mai tuƙa tsohon jirgi ya ji zafin wannan hukunci, ko da bai taɓa hawa babban layi ba, domin da sunan mutum ɗaya ake auna kowa. Inda kuwa aka riƙe amana, ribar a bayyane take: tun 2007 jiragen layin North Yorkshire Moors suke bin dogon Network Rail har cikin garin Whitby, kuma a 2013 layin Bluebell ya sake haɗuwa da babban layi a East Grinstead.

Sai dai batun da ya fi tilasta wa ƙungiyar sake shiri shi ne kwal, irin wanda aka riƙa haƙowa a Inugu domin jiragenmu na da. Ku dubi mai hura wutar jirgi: tun kafin asuba yake zuwa, ya kunna tsumma mai mai da itace a cikin murhu, ya riƙa zuba kwal da shebur sannu a hankali na tsawon sa'o'i, domin idan ya gaggauta, ƙarfen tukunyar zai wahala. Idan kwal ɗin mai kyau ne, yana ba da zafi da ƙarancin hayaƙi. Idan kuwa maras kyau ne, tokarsa kan narke ta daskare a kan ragar murhu ta toshe iska, jirgi ya rasa ƙarfi a tsakiyar hawa. Duk layukan tarihi na ƙasar suna ƙona kimanin tan 26,000 ne a shekara, adadin da bai kai a buɗe musu mahaƙa ta kansu ba, saboda haka a inuwar masana'antun ƙarfe da siminti suka riƙa samun nasu. Da yaƙin Yukren ya yanke kwal ɗin Rasha a 2022, sannan aka rufe mahaƙar Ffos-y-fran da ke Wales a ƙarshen 2023, sai ya zama dole su zauna da masu shigo da kaya daga ƙetare, da 'yan majalisa, da kamfanonin da ke haɗa wani makamashi. Tun a 2021 ƙaramin layin Bure Valley ya gwada dunƙulen kwal da aka gauraya da ƙwallon zaitun, kuma amfanin ƙungiya a nan shi ne sakamakon gwajin layi ɗaya ya isa ga saura.

Akwai kuma maganar ƙwarewa, wadda ta fi damuna. Kusan duk bayan shekara goma sai an kwance tukunyar jirgi an yi mata garambawul, kuma masu wannan sana'a suna tsufa. Kammala sabon kan jirgi mai suna Tornado a Darlington a 2008 ya nuna cewa ilimin bai mutu ba, amma wata doka ta 1920 da ta hana yara aikin masana'antu ta daɗe tana kawo cikas ga shigar 'yan ƙasa da shekara 16 aikin sa kai. Lord Faulkner, wanda ya shugabanci ƙungiyar, ya sha kai batun gaban Majalisar Dattawa, kuma hujjar da ake gabatarwa ita ce yaron da ya fara da goge ƙarfe a ƙaramin layi sau da yawa shi ne injiniyan da manyan kamfanonin jiragen ƙasa za su ɗauka aiki nan gaba. Na gode da sauraro.