Ƙwayar cutar da ke shiga kunnen jariri tun yana ciki

An haifi jariri lafiya lau. Ya yi kuka, ya kama nono, an gwada kunnensa a asibiti an ce yana ji. Yana kusa da shekara biyu sai uwar ta lura in ta kira shi ta hagu ba ya waiwayowa. Bai yi sanƙarau ba, kuma babu kurma a dangin uwa ko na uba. To daga ina? Sau da yawa asalin abin yana can tun yana ciki, kuma sunan mai laifin CMV.

CMV ƙwayar bairos ce da mafi yawan manya suka taɓa ɗauka ba su sani ba. Mai juna biyu in ta kamu, wataƙila ɗan zazzaɓi da kasala za ta ji, wataƙila ba za ta ji komai ba. Amma ƙwayar kan ratsa mabiyiya ta shiga jinin ɗan tayi. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta ce kusan jariri 1 cikin 200 ake haifa da ita, kuma 1 cikin 5 na waɗannan kan samu matsala mai daɗewa. In aka cire gado, babu abin da ya kai ta jawo wa yara kurumta ta jijiya.

Mu shiga cikin kunnen. Can ƙurya, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan sashe a nannaɗe kamar katantanwa, ana ce masa kokiliya. Cike yake da ruwa, kuma a jere cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi a ka, kimanin 15,000. Sauti in ya shigo sai ruwan ya motsa, gashin ya lanƙwasa, saƙo ya bi jijiyar ji zuwa ƙwaƙwalwa. Wannan ruwa sai da sinadarin fotasiyam mai yawa yake aiki, kuma wata siririyar shimfiɗa mai yawan hanyoyin jini a bangon kokiliya ce ke zuba shi.

Wannan shimfiɗa na daga wuraren da CMV ke kai wa hari. In ta lalace, ruwan ya rasa ƙarfinsa, ƙwayoyin gashin su kasa tura saƙo, a hankali su mutu. Sannan garkuwar jikin jaririn na yaƙi da ƙwayar, yaƙin ya haifar da kumburi, kumburin ya ƙara ɓarna a wuri mai laushi irin wannan. Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne, a jikin ɗan Adam waɗannan ƙwayoyin gashi ba sa sake tsirowa. Wadda ta mutu ta tafi ke nan.

Kuma CMV ba ta barin jiki. Shi ya sa ɓarnar kan ci gaba bayan haihuwa: kunne ɗaya ko duka biyu, yau jin ya ragu, gobe ya ɗan dawo, bayan watanni ya sake yin ƙasa. Kusan 9 cikin 10 na jariran da ke ɗauke da ita ba su da wata alama ranar haihuwa, amma kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na waɗannan ma jinsu kan taɓu.

Rubela, wata cutar bairos mai sa ƙuraje kamar ƙyanda, ita ma haka take yi, har ta fi muni in ta kama mace a makonni 12 na farkon ciki. Likitan ido Norman Gregg ne ya gano illarta ga ɗan tayi a Ostiraliya a 1941, kuma annobar 1964 zuwa 1965 a Amurka ta bar jarirai kusan 20,000 da lahani, dubbai cikinsu kurame. Ita dai an samu rigakafinta a 1969, ana kuma yin sa ne kafin a ɗauki ciki. CMV har yanzu ba ta da rigakafi.

Abin da ya rage shi ne tsafta da gaggawa. Ƙwayar ta fi yawa a yawu da fitsarin ƙananan yara, don haka mai ciki ta wanke hannu da sabulu bayan canza kunzugu ko share majina, kada ta haɗa cokali da yaro, in kuma za ta sumbace shi, ta yi a goshi maimakon baki.

Gwajin gano CMV a jikin jariri kuwa lokacinsa gajere ne ƙwarai. Dole a ɗauki fitsari ko yawun jaririn cikin kwana 21 na farko, domin bayan haka da wuya a bambanta wanda ya zo da ita daga ciki da wanda ya ɗauka a waje. Jaririn da ya zo da alamu, kamar ƙaramin kai, shawara, ko kumburin hanta da saifa, likita kan ba shi maganin balgansiklobir na wata 6, wanda kan taimaka wajen kare jin da ya saura. Ƙa'idar masana ita ce a gwada ji kafin wata 1, a tabbatar da matsala kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6, ko da na'urar ƙara ji, ko yaren hannu, daga baya kuma dashen na'ura a kokiliya ga wanda ya dace. Yaron da aka tabbatar yana da CMV, ko ya ci gwajin ji na farko, a ci gaba da duba jinsa akai-akai har ya kai shekarun shiga makaranta.