Bayan An Ci Zarafinka A Jirgin Ƙasa

Assalamu alaikum. Na can baya kuna ji na? To madalla. Abubuwa biyu zan taɓo.

Na farko, sandarewa. Mutum yana zaune a tarago, wani ya shaƙe shi, ko ya zare masa wuƙa, ko ya kai wa mace hannu inda bai dace ba. Sai ƙafa ta ƙi motsi, murya ta maƙale. Bayan kwana biyu ya fara tuhumar kansa: me ya hana ni ihu? Jama'a, ba ragwanci ba ne. Ƙwaƙwalwa idan ta hango haɗari ba ta jiran shawararka, faɗa ne, ko gudu, ko sandarewa. To a jirgi ina za ka gudu? Ƙofofi a rufe, jirgi na sharara gudu, tasha da saura. Shi ya sa da yawa suke ƙamewa, har da majiya ƙarfi. Ku kuma 'yan'uwan wanda abin ya sama, don Allah ku daina cewa "da ni ne da na yi kaza". Ba ku sani ba. Wallahi ba ku sani ba! Wannan maganar tana hana mutum barci fiye da dukan da ya sha.

Rashin barci, firgita, faɗuwar gaba da jin ƙarar jirgi, duk jiki ne ke warware tsoro, galibi kuma suna lafawa cikin makonni. Idan aka wuce wata guda abin bai sassauta ba, a ga likitan ƙwaƙwalwa, akwai magani. Komawa jirgi kuma a hankali, tasha ɗaya, da rana, tare da wani.

Na biyu. Kai rahoto. Tun da zafinsa ka rubuta lokaci, lambar tarago, tashar da aka baro, kamannin mutumin. Je asibiti a rubuta raunin, ka ɗauki hoto, kada ka wanke tufafin. A Birtaniya 'yan sandan jiragen ƙasa suna karɓar saƙon waya ta 61016, a Indiya ana kiran 139, a Tarayyar Turai 112. Ka nemi lambar ƙasar da kake tun kafin buƙata ta taso.

Na'am, baba? Yana tambaya, idan an yi mako guda fa, ba a makara ba? Ba a makara ba, baba. Sai dai hoton kyamarar tsaro ba ya dawwama, sabo ne ke shafe tsoho, don haka ku ce a adana na ranar. Ku karɓi lambar rahoto da sunan jami'in da ya rubuta. In ya yi muku riƙon sakainar kashi, ku nemi na gaba da shi. Masu wannan aika-aika sukan maimaita a layi ɗaya, rahotonku zai iya haɗuwa da na wata da ta zo kafin ku. Akwai wata tambayar?