Danna 1, Danna 2: Yadda Fayil ɗin BAT Ya Koyi Jin Amsa

Assalamu alaikum. Na baya ku ɗan matso, domin yau akwai rubutu a allo, kuma ƙananan haruffa ne.

Ba na jin akwai wanda bai taɓa danna lambar banki a wayarsa ba, aka ce masa danna 1 ka tura kuɗi, danna 2 ka sayi kati. Abin ya zame mana jiki har ba ma ganinsa. To ina so in mayar da ku zamanin da kwamfuta ba ta iya wannan ba sai an yi mata dabara.

A watan Agusta 1981 kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur, tana aiki da DOS na Microsoft, wato babbar manhajar da ke tafiyar da injin. Baƙin allo ne da ɗan layi yana ƙiftawa, kai za ka rubuta umarni. In ka gaji da maimaita umarni iri ɗaya kullum, sai ka jera su cikin fayil ɗaya, ka sa masa suna mai ƙarewa da .BAT, kwamfuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya. A 1983 DOS 2.0 ya kawo IF da GOTO, wato "idan" da "tsallaka zuwa". Daga nan fayil ya iya rarrabuwar hanya. Amma ga matsalar: ya iya yin tambaya, bai iya jin amsa ba. Akwai PAUSE, wanda ke jira ka danna kowane madanni, sai dai ba ya tuna wanne ka danna. Shekara goma cur aka yi a haka.

Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Dabara ta farko ita ce a buga jerin zaɓi a allo, fayil ɗin ya ƙare aikinsa ya fita, sannan a ajiye wasu fayiloli masu suna 1.BAT, 2.BAT, 3.BAT. Sakatare ya ga "1. Rubuta wasiƙa", ya danna 1 ya danna Enter, yana zaton ya amsa tambaya ne, alhali sunan fayil ya kira. Dabarar tana aiki, kuma ina girmama wanda ya fara tunaninta. Aibinta, da ya yi kuskure ya danna 7, sai DOS ta jefa masa saƙon kuskure da Turanci, ya tsaya yana kallon allo.

Dabara ta biyu ita ce nake so mu daɗe a kanta. Duk manhajar da ta gama aiki a DOS tana iya barin lamba ɗaya a bayanta, daga 0 zuwa 255. Sunanta ERRORLEVEL. An yi ta ne don manhaja ta ce "na gama lafiya" ko "na samu matsala". Sai masu basira suka ce, mu sa lambar madannin da aka danna a wannan gurbi mana. Suka buɗe DEBUG, wani kayan aiki da ke zuwa tare da DOS wanda ake iya rubuta ƙaramar manhaja da shi, suka rubuta layi huɗu. Ku duba allo:

MOV AH,00
INT 16
MOV AH,4C
INT 21

Biyun farko suna cewa: jira har a danna madanni. Biyun ƙarshe suna cewa: fita, ka bar lambarsa. Duka manhajar bayit 8 ce, bayit ɗaya kuwa gurbin harafi ɗaya ne. Takwas! Sunan wasunku a rubuce ya fi ta tsawo. Kowane madanni yana da lambarsa a tsarin ASCII: 1 shi ne 49, 2 shi ne 50, 3 shi ne 51, Enter 13, Esc 27. Babban A 65 ne, ƙaramin a 97, don haka mai rubuta fayil dole ya tanadi duka biyun, in ba haka ba wanda ya bar Caps Lock a kunne ya ɓata hanya. Madannan F1 zuwa F10 kuwa sifili suke bayarwa a wannan gurbi, duk su zama abu ɗaya.

Yanzu ga ramin da kowa ke faɗawa. In ka rubuta IF ERRORLEVEL 49, ba cewa ka yi "idan lambar 49 ce" ba. Cewa ka yi "idan ta kai 49 ko ta wuce". Kamar ka tsaya a ƙofar aji ka ce duk wanda ya kai shekara goma ya fito. Ɗan shekara goma sha biyar ma zai fito, ai ya kai. Saboda haka daga sama ake farawa a sauko: a tambayi 51, sannan 50, sannan 49. Ni kaina na taɓa jera su daga ƙasa a wani ofis da na yi wa aiki. Duk abin da ma'aikaciyar ta danna, manhajar wasiƙa ce ke buɗewa. Ta yini tana zaton hannunta ne, har tana ba ni haƙuri, kuma laifin nawa ne. Har yau abin yana damuna.

Kuma ku lura, ko ka jera daidai ba ka gama ba. Wanda ya danna z ya ba da 122, ya wuce 51, zai faɗa zaɓi na uku. In zaɓi na uku shi ne goge faifai fa? Dole ka sa layi a can sama, IF ERRORLEVEL 52, wanda zai mayar da shi farkon jerin. Wannan layin ɗaya shi nake dubawa in an kawo mini aikin ɗalibi, domin shi ke nuna ko ya tuna cewa mutum ne zai zauna gaban injin, mai gajiya, mai sauri, mai kuskuren yatsa.

Wasu kamfanoni sun shigo da nasu maganin. Tarin manhajojin Norton Utilities na Peter Norton yana da umarnin ASK, manhajar 4DOS kuma tana da umarnin INKEY, dukansu don karɓar amsa. Sai a 1993 MS-DOS 6.0, wato sabon DOS ɗin Microsoft, ya zo da umarnin CHOICE. Ka rubuta CHOICE /C:123, ba zai karɓi komai ba sai waɗannan uku, in ka danna wani ya yi ƙara ya ci gaba da jira. Lambar da yake bari ita ce matsayin zaɓin, 1 ko 2 ko 3, ba sai ka haddace 49 ba. Amma dokar farawa daga sama tana nan daram.

Na'am, malama, tambaya? Tana cewa idan ba kowa a wurin fa, aka kunna kwamfuta aka tafi? Madalla. Wannan shi ne amfanin /T. In ka ƙara /T:1,10 a layin CHOICE, zai jira daƙiƙa 10, in ba a danna komai ba ya ɗauki zaɓi na 1. A AUTOEXEC.BAT, fayil ɗin da ke tashi da kansa in an kunna inji, wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman inda wuta ke ɗaukewa ta dawo ba kowa a ofis. Shawarata, zaɓin da zai ɗauka da kansa ya zama wanda ba ya ɓata komai.

Abin mamaki, Windows 2000 da XP sun fito ba CHOICE a cikinsu, mutane suka koma SET /P, wanda ke karɓar layi guda na rubutu. CHOICE ya dawo a Windows Vista, da ɗan sauyin yadda ake rubuta shi, kuma yana nan a Windows na yau.

Aikin gida: ku sauke FreeDOS ko DOSBox, waɗanda za su ba ku damar yin aiki da DOS a yau, kyauta ne. Ku rubuta jerin zaɓi uku da Hausa. Da gangan ku fara jera ERRORLEVEL daga ƙasa ku ga abin da zai faru, sannan ku gyara. In kun gama, ku miƙa wa ƙaninku ko wani da bai san kwamfuta ba, kada ku ce masa komai, ku rubuta duk madannin da ya danna. Wannan takardar za ku kawo mini mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.