Akwatin Gona: Yadda Matasan Ma'aurata Ke Cin Kaka a Amurka

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Yau za mu leƙa arewa maso gabashin Amurka, jihar Masachusets, mu ga yadda kaka ke zuwa wa mutanen can, musamman matasan ma'aurata da ke zaune a gidan haya. Ba su da gona, ba su da rumbu, amma duk mako amfanin gona na shiga gidansu kai tsaye daga hannun manomi. Kuɗin kuwa sun biya shi tuntuni, tun ba a jefa ƙwayar iri ko ɗaya a ƙasa ba.

Bari mu fara da yanayin, don shi ke juya komai. A can kaka na kamawa ranar 22 ko 23 ga Satumba, lokacin da dare da yini ke daidaita, ta tafi har wajen 21 ga Disamba. Kullum yini sai ƙara gajarta yake. Bishiyoyi su daina yin sinadarin da ke sa ganye kore, sai rawayan da ke ɓoye a ƙarƙashi ya fito fili, wasu kuma sukarin da ya taru a ganyensu ya mayar da su ja wur. Ku dubi waɗannan tsaunuka a tsakiyar Oktoba. Daga garuruwa masu nisa mutane ke tuƙo mota su zo kallo kawai. Ranar Lahadin farko ta Nuwamba a mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai ka ga rana ta faɗi wajen ƙarfe huɗu da rabi a birnin Boston. Mutum ya tashi daga aiki, duhu ya riga shi zuwa gida.

To, mu ɗauki ma'aurata biyu mu bi su. Mijin malamin firamare ne, matar ma'aikaciyar jinya, suna zaune a kwarin Kogin Konetikat, kusa da garin Hadley, inda ƙasar noma ke cikin mafi kyau a duk yankin. Da yammacin Alhamis, maimakon su nufi babban kanti, sai su ɗauki jakunkunan yadi guda biyu su nufi gona. A cikin rumfar katako an jera kwanduna, ga ma'auni a gefe, ga baƙin allo an rubuta da alli: dankalin Turawa nauyi kaza, kabewa ɗaya, karas dami ɗaya, albasa huɗu, kabeji ko wani ganye danginsa, ka zaɓi ɗaya. Babu mai karɓar kuɗi. Ka duba sunanka a takarda, ka sa alama, ka auna da kanka. Karas ɗin da ƙasa a jikinsa, wani ma ya rabu ƙafa biyu, irin wanda kanti ba zai taɓa ɗora shi a kan tebur ba. Wasu gonakin ma a ba ka almakashi ka shiga fili ka yanko furanni da ganyen ƙamshi da hannunka. Waɗanda ke cikin birni kuwa, motar gona ce ke kai akwatunansu wani wuri da aka ajiye, ƙofar wani shago ko farfajiyar majami'a, kowa ya je ya ɗauki nasa.

Wannan tsari shi ake kira CSA a taƙaice, wato noman da al'umma ke ɗauke da nauyinsa. Ga yadda yake. Tun cikin hunturu, Janairu zuwa Maris, lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe gona, manomi zai buɗe rajista. Kowane gida ya sayi kaso ɗaya, ko rabin kaso idan gidan ƙarami ne kamar na ma'auratanmu. A gonaki da yawa cikakken kaso na kai dala ɗari biyar zuwa ɗari takwas. Da wannan kuɗi manomi zai sayi iri da taki, ya gyara tarakta, ya biya 'yan ƙwadago. Daga Yuni zuwa ƙarshen Oktoba, kimanin mako ashirin, duk abin da gona ta bayar sai a raba wa masu kaso. Idan an yi albarka jaka ta cika har ta gagara ɗauka. Idan shekara ta zo da gardama, kowa ya koma gida da abin da ya samu, kuma babu mai bin manomi bashi.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce zuciyar al'amarin, kuma ita ce ta sa na ga ya kamata mu yi wannan bidiyo. Duk wanda ya san noma a ƙasar Hausa ya san halin da manomi ke shiga gab da damina, ga gona ga ƙarfi amma babu kuɗin taki. Ya kuma san ba-da-kaka, inda mai kuɗi zai ba ka taki ko 'yan kuɗi, da kaka ka biya shi da buhunan hatsi, ko gona ta yi ko ba ta yi ba. A nan ma kuɗi na zuwa kafin shuka, abinci na fita da kaka. Amma asarar da ba-da-kaka ke jibga wa mutum ɗaya, a nan an yanka ta gunduwa-gunduwa an raba wa gidaje ɗari ko ɗari biyu. Abin da zai iya raba manomi da gonarsa, sai ya zama kowane gida ya rasa tumatir na 'yan makonni.

Kuma an gwada wannan alkawari, ba sau ɗaya ba. A 2009 wata cuta da ke ruɓar da ganyen tumatir da dankali ta bazu a arewa maso gabashin Amurka, daminar ta yi sanyi da yawan ruwa, gonaki da dama suka tashi babu tumatir. A watan Yulin 2023 kuwa, wannan Kogin Konetikat ɗin da kuke gani ya cika ya tumbatsa, ya shanye gonaki a Hadley da Hatfield da Deerfield, fiye da eka dubu biyu a jihar suka lalace. Ƙa'idar hukumar abinci ta ƙasar kuma ba ta yarda a sayar da amfanin da ruwan ambaliya ya taɓa ba, ko da a ido lafiya lau yake. Manomin da ke jiran ranar kasuwa, a irin wannan shekara, ya tashi a tutar babu. Wanda ke da masu kaso kuwa, aƙalla kuɗin shekarar na hannunsa, abin da ya rage masa shi ne ya dubi idon mutanen da suka amince masa ya faɗa musu gaskiya. Wannan ma ba ƙaramin nauyi ba ne.

Daga ina abin ya samo asali? Ba daga wuri ɗaya ba. A Japan, cikin shekarun 1960 zuwa 1970, matan gida da hankalinsu ya tashi kan magungunan feshi da gurɓatar abinci suka fara ƙulla yarjejeniya kai tsaye da manoma, tsarin da suke kira teikei. A Suwizalan an kafa irin wannan gona kusa da Janiba a 1978. A Amurka kuwa gonaki biyu ne suka fara a shekara ɗaya, 1986: Indian Line a nan Masachusets, inda Robyn Van En ta haɗa kai da Jan Vander Tuin wanda ya ga tsarin a Suwizalan, da kuma Temple-Wilton a jihar New Hampshire. Akwai wani suna da aka daɗe ba a ambata yadda ya kamata, Booker T. Whatley, baƙar fata, farfesan aikin gona a Tuskegee ta jihar Alabama. Tun kafin 1986 yake koya wa ƙananan manoma baƙaƙen fata, waɗanda bankuna da hukumomi ke hana wa rance, su tara 'yan birni su biya kuɗin rajista a farkon shekara, su riƙa zuwa gona suna tsinkar abin da suke so. Faransa ta bi sahu a 2001 da tsarin da suke kira AMAP. Binciken ma'aikatar gona ta Amurka na 2015 ya ƙirga gonaki 7,398 masu sayarwa ta wannan hanya, cinikinsu ya kai dala miliyan 226. Idan aka auna da girman noman Amurka, wannan ɗan kaɗan ne ƙwarai, amma ga ƙaramar gona mai eka goma ko ashirin, sau da yawa shi ne abin da ke riƙe da ita.

Yanzu mu koma kicin ɗin ma'auratanmu, don a nan ne kaka ke nuna kanta sosai. Wani dare tsakanin ƙarshen Satumba da tsakiyar Oktoba, sanyi zai sauka har raɓa ta daskare a kan ganye. Da safe ka je gona ka tarar tumatir da tattasai sun yi baƙi sun langaɓe, shi ke nan an gama da su sai baɗi. Shi ya sa idan manomi ya ji hasashen yanayi, shi da yaransa za su wuni suna kwashe duk abin da ya rage, har da ɗanyen tumatir, kuma jakar wannan makon da shi za ta cika. Amma akwai waɗanda sanyin ke gyarawa. Karas da kabeji da danginsu suna mayar da sitacin jikinsu sukari don kada su daskare, saboda haka karas ɗin Nuwamba ya fi na Yuli zaƙi nesa ba kusa ba.

Daga nan jaka sai ta ƙara nauyi, ta rage launin kore. Kabewa iri-iri, dankalin Turawa, dankalin Hausa, albasa, tafarnuwa, tuffa daga lambun maƙwabta. Kuma a nan ne rayuwar gidan ke sauyawa, don tambayar yamma ta tashi daga me muke sha'awar ci, ta koma me ya rage a jaka kafin Alhamis ta zagayo. Ranar Lahadi su kunna tanda, mijin na feraye kabewa mai taurin ɓawo, matar na yanka albasa, a gasa faranti biyu manya, a dafa miya tukunya guda a zuba a robobi, wasu firji wasu firiza. Da ma mai aikin dare a asibiti ba ta da lokacin girki a tsakiyar mako. Kabeji idan ya yi yawa a yanka shi siri-siri, a murza da gishiri, a danna a kwalba ya yi tsami, ya kai su tsakiyar hunturu. Dankali a sa shi a wuri mai duhu da sanyi, nesa da albasa, in ba haka ba ya yi saurin tsiro. Yara matasa da suka tashi da abincin leda, sai ga su suna kiran iyayensu mata a waya suna tambayar yadda ake adana tuffa.

Sauran hidimomin kaka duk a nan suke zagayawa. Asabar ɗaya a je lambun tuffa a tsinko buhu. Wata Asabar a share ganyen da ya zube a ƙofar gida, a toshe kafofin taga, a fito da barguna, a fara lissafin kuɗin ɗumama ɗaki, wanda ke cin aljihu sosai a wannan yanki. Ranar 31 ga Oktoba a fafe kabewa a sa kyandir a ciki a ajiye a bakin ƙofa, yaran unguwa su zo karɓar alewa.

Kada in nuna muku abin kamar ba shi da aibu. Na farko, ba kowa ke iya fitar da ɗaruruwan daloli a dunƙule cikin Fabrairu ba, ga haya, ga bashin karatun jami'a da ke wuyan matasa da yawa a can. Shi ya sa aka daɗe ana kallon tsarin a matsayin na masu hali. Gonaki da dama sun gane haka, suna karɓar kuɗi kashi-kashi, ko su sa farashi hawa-hawa, mai ƙarfi ya biya sama don a sauƙaƙa wa maras ƙarfi, wasu kuma su yarda ka yi aikin 'yan awanni a gona a madadin kuɗi. Jihar Masachusets ta ƙaddamar da wani shiri a 2017 da ke mayar wa masu karɓar tallafin abinci na gwamnati wani ɓangare na kuɗinsu idan sun sayi kayan lambu daga manomi kai tsaye. Na biyu, rashin zaɓi na gajiyar da mutane. Mako uku a jere ana ba ka abin da ba ka iya dafawa ba, ya ruɓe a firji, ranka ya ɓaci kan kuɗinka. Wannan na cikin manyan dalilan da ke sa wasu ba sa komawa shekara ta biyu, kuma shi ya sa wasu gonaki yanzu suke barin mutum ya zaɓi kayansa ta intanet. A ganina duk sauƙin da za a kawo abu ne mai kyau, muddin ba a taɓa ainihin alkawarin ba, wato a biya da wuri kuma a raba asara tare. Idan aka cire wannan, abin ya zama kantin kayan miya mai kai wa gida kawai.

Rabon ƙarshe yakan zo ne a ƙarshen Oktoba, wasu gonakin kuma su ƙara babban akwati guda kafin bikin godiya, wanda ake yi ranar Alhamis ta huɗu a Nuwamba, lokacin da dangi ke taruwa a ci abinci tare. A lokacin manomi ya riga ya dasa tafarnuwar da za a haƙa a Yulin baɗi, ya lulluɓe ta da ciyawa, ya watsa hatsin da zai rufe ƙasa don kada ruwa da iska su kwashe ta. Tare da akwatin ƙarshe akan miƙa takardar sabunta rajista, sau da yawa da ɗan ragi ga wanda ya biya da wuri. Da yawan takardun da suka dawo manomi zai san irin da zai saya a Janairu da ma'aikatan da zai ɗauka, don tun ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris ake fara yafa irin albasa a ɗakin rainon shuka.

Mu haɗu a bidiyo na gaba. Ku huta lafiya.