Jiragen da suka ciyar da Berlin, 1948 zuwa 1949

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamai, 'yan uwa ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Da an ce tarihin sojan sama, sai hankalin mutane ya tafi kan jirgin da ke ruwan bama-bamai. Yau ba can muka nufa ba. Aikin da na zo da shi, da buhunan kwal da fulawa aka ci nasararsa, kuma ni a wurina yana sahun gaba cikin duk abin da sojan sama ya taɓa yi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an kasa Jamus kashi huɗu: Amurka, Birtaniya, Faransa da Tarayyar Sobiyet. Berlin tana can tsakiyar rabon Sobiyet, amma ita ma aka yi mata kashi huɗu. Ran 20 ga Yuni 1948 Turawan Yamma suka fito da sabon kuɗi a yankunansu. Ran 24 Sobiyet ta toshe hanyar mota da ta jirgin ƙasa da ta ruwa zuwa Yammacin Berlin. Mutum fiye da miliyan biyu suka wayi gari a kulle. Abin da ya rage shi ne hanyoyi uku na sama, kowace faɗinta mil 20, waɗanda aka yi yarjejeniyarsu a rubuce tun 1945. Mota kana iya tsayar da ita da shinge. Jirgin sama kuwa sai dai ka harbo shi, wanda ya harbo kuma shi ya fara yaƙi.

To amma wa ya yarda za a iya ciyar da birnin ta sama? Shekara biyar da 'yan kai kafin nan, sojan saman Jamus ya yi alkawarin ciyar da rundunarsu da aka yi wa ƙawanya a Stalingrad, ya kasa. Nan kuma birni guda ake magana, wanda ke bukatar aƙalla tan 4,500 kowace rana. Jirgin da Amurka ta fara da shi ran 26 ga Yuni, C-47, abin da yake ɗauka bai wuce tan uku da ɗoriya ba. Ku yi lissafi da kanku. Ko da aka kawo C-54 mai inji huɗu, mai ɗaukar tan 10, aikin bai daidaita ba. Matuƙa na ta jarumta, ba barci, jirgi ya tashi duk lokacin da ya shirya.

A ƙarshen Yuli aka miƙa ragamar ga Janar William Tunner, mutumin da ya jagoranci dakon kaya daga Indiya zuwa Sin ta saman tsaunukan Himalaya lokacin yaƙi. Ina so ku riƙe ranar 13 ga Agusta 1948, wata Juma'a. Tunner da kansa yana cikin jirgi zai sauka a filin jirgin Tempelhof da ke Berlin. Gajimare ya sauko har kan rufin gidaje, ruwa kamar da bakin ƙwarya, na'urar rada ta daina gani sosai. C-54 guda ya zarce ƙarshen titi ya kama da wuta. Wani ya fasa tayoyi garin kauce masa. Na uku ya sauka kan titin da ba a gama ginawa ba. Masu hasumiyar ba jirage umarni suka rasa yadda za su yi, sai suka yi ta jera jiragen da ke zuwa a sama, wani bisa wani, suna kewaye cikin duhun gajimare, ba mai ganin ɗan uwansa. Tunner ya ɗauki rediyo ya ce a mai da kowa gida in ban da jirginsa.

Daga ranar ya kafa dokokin da suka canja komai. Kowane matuƙi zai tuƙa da na'ura, ko da sararin sama tas yake. Tsayi da gudu da tazara duk a ƙayyade, jirgi na bin jirgi bayan minti uku. Dokar da ta fi ɓata wa matuƙa rai kuwa ita ce: sauka sau ɗaya ake gwadawa. Ka kuskure, ba kewayowa, ka juya da kayanka ka koma inda ka fito. Mutum zai ce asarar tan 10 ce. Haka ne, amma jirgi ɗaya mai kewaye yana tsayar da layi duka. Ya kuma hana matuƙa barin gindin jirgi a Berlin. Bayanin yanayi a mota ake kawo musu, abin taɓawa ma a mota, Jamusawa masu sauke kaya na ta aiki, cikin kamar rabin awa jirgi ya tashi. Ba abin burgewa a ido, kuma Tunner haka yake so.

Me aka ɗauka? Kusan kashi biyu cikin uku kwal ne, don wutar lantarki da ɗumi. Ƙurarsa ta addabi makanikai, tana shiga ko'ina cikin jirgi har wayoyin sarrafa fukafukai. Abinci kuwa aka rage masa ruwa, domin ruwa nauyi ne: garin madara, busasshen dankali, fulawa maimakon burodi. Gishiri yana cin ƙarfen jirgi, sai Birtaniya ta kawo jiragenta Sunderland masu sauka kan ruwa, waɗanda aka ƙera don jure ruwan teku, suna sauke shi a kogin Havel. Da filayen jirgin Tempelhof da Gatow suka yi kaɗan, aka gina sabon fili a Tegel, yankin Faransa, cikin wata uku, mata da yawa cikin leburorin. Labarin Gail Halvorsen, matuƙin da ke ɗaura alewa a hankici ya jefo wa yara, kowa ya san shi, ba sai na tsaya ba.

Sanyin hunturu da hazo suka zo, layin bai yanke ba. Daga 15 zuwa 16 ga Afrilu 1949, cikin awa 24, aka yi sawu 1,398, aka sauke tan kusan 13,000. Nan Mosko ta gane kullen ba ya cizo. Ran 12 ga Mayu aka buɗe hanyoyi. Duk da haka jirage ba su tsaya ba sai 30 ga Satumba, don a tara kaya ko da za a sake rufewa. Jimilla sawu fiye da 270,000, kaya tan miliyan 2.3. Ba kyauta aka samu ba: 'yan Amurka da Birtaniya kimanin 70 suka rasu, yawanci a haɗarin jirgi, ga Jamusawa ma'aikata su ma. Sunayen matuƙa da ma'aikatan da suka rasu suna rubuce a gindin ginin tunawa da ke gaban Tempelhof.

Shugaban taro yana nuna mini agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu.