Sharhi: Wasan Ƙarshe na Tanis da Mutumin da ke Juya Kyamara

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau kan ƙwallon tanis ne, wasannin ƙarshe na maza a manyan gasa huɗu na duniya, wato ta Ostareliya a Melbourne, Roland Garros a Paris, Wimbledon a Landan da ta Amurka a New York, da yadda gidajen talabijin ke kawo mana su har ɗaka.

Ranar Lahadi 8 ga watan Yunin 2025, Carlos Alcaraz na Sifaniya da Jannik Sinner na Italiya suka kara a wasan ƙarshe na Roland Garros a birnin Paris. Sinner ya ci turmi biyu na farko. A turmi na huɗu yana gaba da 5 da 3, ya samu dama har uku a jere, wadda ko ɗaya ya ci kofi ya zama nasa. Alcaraz ya ƙwace duka ukun, ya dawo ya lashe wasan bayan awa 5 da minti 29, wasan ƙarshe mafi tsawo a tarihin gasar. Waɗanda suka ga wannan da idonsu a filin Philippe-Chatrier kimanin dubu 15 ne kawai. Sauran miliyoyin mutane, daga Madrid zuwa Kano, abin da wani darakta ya zaɓa musu suka gani. Yana zaune a ɗakin sarrafa hoto, allunan kyamara birjik a gabansa, shi ke cewa a nuna wannan, a bar wancan. Ba mu san fuskarsa ba, amma rabin daɗin wasan a hannunsa yake.

Tanis ya yi sa'ar da ƙwallon ƙafa bai yi ba: filinsa duka yana shiga hoto ɗaya. Tsawonsa mita 23.77 ne, faɗinsa a wasan mutum ɗaiɗai mita 8.23. Shi ya sa tun da daɗewa ake kafa babbar kyamara a sama, a bayan ɗaya daga cikin 'yan wasan, ta hango su duka biyun. Daga nan ne mai kallo ke ganin wa ya kori wa zuwa lungu, wa ya bar gefe a buɗe, wa ya matso raga. Duk daraktan da ya san aikinsa ba ya taɓa wannan hoton muddin ƙwallo tana sama.

Sai dai wannan kyamara ta sama tana da ha'inci. Tana danne tsayin ƙwallo, tana rage mata gudu a ido. Sabis, wato bugun da ake buɗe kowane maki da shi, wanda ya haura kilomita 200 a awa, sai ka gan shi kamar kai ma za ka iya mayarwa. Rafael Nadal ya ci kofin Paris sau 14, kuma babban makaminsa shi ne bugun da ke sa ƙwallo ta riƙa juyawa fiye da sau 3,000 a minti, ta wuce raga da tazara mai yawa, ta faɗi, ta yi tsalle har kafaɗar abokin karawa. Shekara da shekaru masu kallo a gida suna jin ana faɗin haka, amma hoton sama ba ya nuna musu. Sai an sauko da kyamara daidai tsayin mutum, a bayan mai karɓar sabis, sannan za ka gane azabar da Roger Federer ya sha wajen mayar da ita da bugun bayan hannu. Gidajen talabijin suna da wannan kyamarar, amma rowarta suke yi. A ganina ya kamata kowane turmi a ba ta wasa guda cikakke, mai kallo ya san nauyin abin da yake kallo.

Inda aka fi gane gwanin darakta kuwa shi ne lokacin da ƙwallo ba ta motsi, kuma a tanis wannan lokacin ya fi na bugun yawa nesa ba kusa ba. Tsakanin maki da maki akwai daƙiƙa 25. Idan za a sauya gefe akwai daƙiƙa 90, bayan kowane turmi kuma minti biyu. Me za a cika wannan fili da shi? Mai ƙwarewa zai maimaita maka bugun da ya wuce daga gefe, ka ga inda ƙafar ɗan wasa ta zame. Zai nuna maka cewa mai karɓar sabis ya ja da baya taku uku tun da aka shiga turmi na huɗu, ko kuma mai sabis ya fara jefa ƙwallon sama ba daidai ba saboda gajiya. Malalacin darakta kuwa sai ya tafi farautar fuskoki: ga tauraron fim, ga matar wane, ga ɗan sarauta a rumfar manyan baƙi ta Wimbledon yana gyara wuyan riga. Kamar a ce 'yan dambe biyu sun shiga turmi na uku, kowa ya ɗaure numfashi, sai mai ɗaukar hoto ya juya yana nuna maka alhajin da ke cin gyaɗa a sahun gaba. Ba laifi ba ne a nuna mai horarwa ko uwar ɗan wasa sau ɗaya ko biyu, domin su ma suna cikin labarin. Laifin shi ne a daɗe a can har a dawo an riga an buga sabis. Wannan yana faruwa, har a wasan ƙarshe, kuma babu uzurin da zai wanke shi.

Haka batun masu sharhi, kuma a nan da mu ma'aikatan rediyo nake, domin surutu sana'armu ce. A rediyo dole ka faɗi komai, tunda mai sauraro ba ya gani. A talabijin gani ya kori ji. Marigayi Dan Maskell ya yi kimanin shekara 40 yana sharhin Wimbledon a BBC, kuma abin da ake tuna shi da shi shi ne ƙarancin magana. Tanis yana da sautinsa: ƙarar ƙwallo a kan raket tana gaya maka ko an same ta a tsakiya ko a baki, kukan takalmi a filin siminti na New York daban yake da jan ƙafa a jar ƙasar Paris, sannan ga shirun mutum dubu 15 kafin sabis na biyu. Mai sharhin da ya hau kan wannan shirun yana ba da labarin wasan da shi ya buga shekara 30 baya ya cuci mai kallo. Tsofaffin 'yan wasa irin su John McEnroe suna da ilimin da babu mai musunsa. Amfaninsa yana fitowa ne idan an ajiye shi sai an sauya gefe.

Kada a ɗauka talabijin ɓarna kawai ta yi wa wannan wasa. Ta yi masa gata sosai. A 1937 BBC ta fara nuna Wimbledon, a 1967 kuma da Wimbledon ɗin aka buɗe shirye-shiryen talabijin mai launi a Birtaniya. Ƙwallon tanis a da fara ce. Saboda a riƙa ganinta da kyau a allo ne aka shigo da mai ruwan ɗorawa a 1972, ita kuwa Wimbledon mai riƙo da al'ada sai a 1986 ta yarda. Tsarin raba-gardama idan an yi 6 da 6, wanda gasar Amurka ta fara amfani da shi a 1970, ya sa ana iya hasashen lokacin da wasa zai ƙare. Bayan John Isner da Nicolas Mahut sun shafe awa 11 da minti 5 a Wimbledon ta 2010, turmin ƙarshe ya tashi 70 da 68, sai aka fara sake tunani, har a 2022 manyan gasa huɗun suka daidaita kan raba-gardama mai maki 10 a turmi na biyar. Da shi Alcaraz ya kammala da Sinner a Paris, 10 da 2.

Na'urar Hawk-Eye, mai nuna ko ƙwallo ta faɗi cikin layi ko waje, ita ma daga talabijin ta shigo fili. A gasar Amurka ta 2004, a wasan Serena Williams da Jennifer Capriati, masu kallo a gida sun ga ƙarara an zalunci Serena a wasu hukunce-hukuncen layi, alhali alƙalin da ke fili ba ta da abin dubawa. Zuwa 2006 an ba 'yan wasa damar ƙalubalantar hukunci. A 2025 Wimbledon ta sallami alƙalan layi gaba ɗaya, na'ura ke kira. Kuskure ya ragu, amma mai kallo ya rasa wani abu: lokacin nan da ɗan wasa zai ɗaga hannu, jama'a su fara tafi a hankali, kowa ya zuba wa allo ido. Paris ce kaɗai a gasar 2025 ta riƙe mutanenta, inda har yanzu alƙali ke saukowa daga kujera ya duba sawun ƙwallo a ƙasa.

To amma baƙon da aka yi wa shimfiɗa ya fara raba ɗakuna. Shekaru da dama a New York, don biyan buƙatar gidan talabijin na CBS, ana buga wasan kusa da na ƙarshe na maza ranar Asabar, washegari Lahadi a buga na ƙarshe, babu hutun kwana ko ɗaya ga mutanen da ke iya yin turmi biyar. 'Yan wasa sun yi ta ƙorafi kafin a daina. A 2009 Juan Martín del Potro na Ajantina, yana ɗan shekara 20, ya kayar da Federer wanda ya ci kofin sau biyar a jere. Wajen ba da kofi yaron ya roƙi ya yi magana da Sifaniyanci ga mutanen ƙasarsa, mai gabatarwa Dick Enberg ya ce masa lokaci ya ƙure, ya ci gaba da lissafa kuɗi da motar da masu talla suka bayar. Sai da ya sake roƙo aka ba shi makirufo. A Melbourne kuma ana fara wasan ƙarshe da ƙarfe 7:30 na dare, lokacin da aka fi kallo. A 2012 Novak Djokovic da Nadal suka yi awa 5 da minti 53, aka tashi ƙarfe 1:37 na dare, sannan aka tsayar da su ana jawabai, ƙafafunsu na rawa, sai da wani ya tuna ya kawo musu kujeru.

Wimbledon ma ta bi sahu. Wasan ƙarshe na maza da aka saba farawa ƙarfe 2 na rana ya koma ƙarfe 4 a 2025, domin masu kallo a nahiyar Amurka su samu sun tashi daga barci. Rufin da aka yi wa babban filin a 2009, da fitilunsa, shi ya sa hakan ya yiwu. Masu dogon tunani za su tuna 2008, lokacin da Nadal ya doke Federer 9 da 7 a turmi na biyar, bayan ƙarfe 9 na dare, ruwa ya katse wasan sau biyu. A gida mun ga fili tas, domin kyamara tana ƙara wa hoto haske. Waɗanda ke wurin sun ce duhu ya kusa hana ganin ƙwallo, kuma Federer da kansa ya koka da hakan. Wasan da mutane da yawa ke kira mafi kyau a tarihi, allo bai gaya mana gaskiyar halin da aka ƙare shi ba.

Wancan dai na'ura ce ta yi, ba da gangan ba. Abin da ya faru a New York ranar 7 ga Satumban 2025 da gangan aka yi. Shugaba Donald Trump ya halarci wasan ƙarshe tsakanin Alcaraz da Sinner. Binciken jami'an tsaro ya jinkirta farawa fiye da rabin awa, kuma ko da aka fara, dubban masu tikiti suna kan layi a waje. Kafin ranar, hukumar tanis ta Amurka ta aike wa gidajen da ke nuna gasar saƙo tana neman kada su nuna wata hayaniya ko martanin 'yan kallo game da zuwan shugaban. A filin an yi tafi, an kuma yi ihun ƙi. Ni ba ruwana da wanda ya tafa da wanda ya yi ihu, siyasarsu ce. Damuwata ita ce mai shirya gasa ya fara tsara wa kyamara abin da za ta gani a cikin 'yan kallo. Yawanci hoto ɗaya ne mai gasa ke samarwa ya rarraba wa duniya, kowace tasha ta ɗora muryar masu sharhinta. In aka tace shi daga tushe, babu wata tasha a Afirka ko Asiya da ke da kyamarar da za ta nuna akasin haka. Yau ihun 'yan kallo ne, gobe zai iya zama gardamar ɗan wasa da alƙali, ko kujerun da babu kowa saboda tsadar tikiti.

Saura batun wa ke iya kallo. A Birtaniya doka ta sa wasannin ƙarshe na Wimbledon cikin jerin abubuwan da dole a nuna a tashar da ba a biyan kuɗin shiga. A nan kuwa tanis yana bayan katangar biyan kuɗin wata, ga matsalar wuta, ga tsadar data ga mai kallo ta waya. Gidajen kallo na unguwa ƙwallon ƙafa suka sani, kuma ba za ka ga laifinsu ba, da ita suke cin abinci. Abin takaicin shi ne lokaci yana tare da mu: agogon Landan a watan Yuli daidai yake da na Najeriya da Nijar, Paris ta fi mu da awa ɗaya kacal, wasan Melbourne kuma yana zuwa mana da ƙarfe 9:30 na safiyar Lahadi. Najeriya, ƙasar da Nduka Odizor ya kai ta zagaye na huɗu a Wimbledon ta 1983, ƙasar da ake buga gasar Dala a Kano, bai kamata yaranta su san Alcaraz ta gutsuren bidiyo na daƙiƙa 30 a Facebook kawai ba. Gutsure yana nuna bugun ban mamaki, ba ya nuna awa huɗu na gajiya da dabara da suka haife shi. Haƙƙin nuna gasa duka yana da tsada, amma wasan ƙarshe huɗu ne kacal a shekara, kuma tashoshinmu na gwamnati da masu zaman kansu za su iya haɗa kai su nemi izinin nuna ko da maimaicinsu cikakke, da sharhi cikin Hausa.